Mu saya ko mu yi haya? Tafiya Yellowstone da ɗan shekara uku

Tambaya: Muna zaune a jihar Ohio ta Amurka. Maigidana yana so mu sayi motar RV ta hannu, irin mai gado da kicin da banɗaki a ciki, mu je gandun Yellowstone a hutun bazara. Ɗanmu shekararsa uku, kuma muna so mu riƙa yawo da ƙafa a dajin. Ni dai hankalina bai kwanta da sayen ba. Mene ne shawara? (Maman yaro, Ohio)

Amsa: 'Yar'uwa, ki lallaɓa maigida ya mai da kuɗinsa aljihu. Mutanen da ba su taɓa kwana a irin wannan mota ba, haya ta fi dacewa da su. Motar da za ta fita sau ɗaya a shekara, sauran watanni tana cin inshora da kuɗin wurin ajiya. Matsakaiciyarta, wadda suke kira Class C, tana yin wajen mil 10 ne da galan guda, ga shi daga Ohio zuwa Yellowstone ya haura mil 1,500. Masu ba da haya irin su Cruise America ma suna lissafin kowane mil da kowace awa ta janareta daban, don haka a karanta takarda kafin a sa hannu.

Amma abin da ya fi damuna a wasiƙarki, ke ba ki ma ambace shi ba: a ina yaron zai zauna idan mota tana gudu? Kujerun bayan RV da yawa gefe suke kallo, kuma ba a ɗaura kujerar yaro a mazaunin da ke kallon gefe. Na wajen teburin cin abinci kuwa, galibi bel ɗin ƙugu kawai gare su, benci ne na katako wanda ƙarfinsa bai kai na kujerar ƙaramar mota ba. Ga tukwane da kaya a cikin kabad, waɗanda birki mai ƙarfi zai watso su. Mai ba da haya zai ce miki “kowa haka yake yi”. Kada ki saurare shi.

Da ni ce, jirgi zan hau zuwa Salt Lake City, in yi hayar mota ta yau da kullum, in ɗaura kujerar yaron da kyau, mu yi mil ɗari uku da 'yan kai zuwa garin West Yellowstone da ke bakin gandun. A shafukan Outdoorsy da RVshare akwai masu tirelar kwana da ke kawo ta sansani su kafa muku. Kun samu kicin na dafa abincinku (ki sayi naman halal tun daga birni), kuma babu mai fama da tuƙa ƙatuwar mota a kan duwatsu. Idan a cikin gandun kuke son kwana, Fishing Bridge ne kaɗai sansanin da ke da wuta da ruwa da bututun zubar da bahaya, kuma ana kama wuri watanni kafin lokaci. Ki tabbata na'urar gargaɗin hayaƙin janareta tana aiki. A riƙe rigunan sanyi, domin wurin tudu ne sosai, ko a watan Yuli dare yana da sanyi.

Batun yawo, ɗan shekara uku zai yi ta tsalle a farko, can sai ya ce a ɗauke shi. Jakar goyo ta baya irin Osprey Poco ko Deuter Kid Comfort tana ɗaukar kilo 22, yaro da kaya duka; ta hannu ma ta isa, tunda ya kusa fin ƙarfinta. Zani yana goyo, amma a hawan dutse jakar tana sauke nauyin a ƙugu, kuma maigida ba shi da hujjar ƙin karɓarki.

A wajen maɓuɓɓugan ruwan zafi irin Old Faithful, hannun yaron a naki ko shi a goye, ba a sauka daga hanyar katako, saboda ƙasar ɓawo ce sirirya a kan tafasasshen ruwa. Dokar gandun ita ce yadi 100 tsakaninku da beyar ko kyarkeci, yadi 25 da ɓauna. Feshin korar beyar a can za ku saya, ba a shiga jirgi da shi.