Tambaya da Amsa: A wajabta wa mai rage maki ya faɗi dalilinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne mai koyon rubuta manhajar kwamfuta. Kwanakin baya wata matsala ta tsaya mini a aikina har kwana biyu, da na rasa mafita sai na kai ta wani dandalin intanet inda masu wannan sana'a suke taimakon juna. Kafin gari ya waye mutum uku sun danna wa tambayata kibiyar ƙasa, wato ƙuri'ar suka, makinta ya koma ƙasa da sifili, kuma babu ko ɗaya da ya ce mini ga inda na kuskure. Shin adalci bai ce a wajabta wa duk mai rage maki ya rubuta dalilinsa ba?

Daga wani mai karatu a Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ɓacin ranka ba abin mamaki ba ne, domin wanda ya zo neman sani aka mayar masa da shiru ya fi jin zafi a kan wanda aka gaya wa magana mai ɗaci. Kuma ba kai ka fara wannan ƙorafi ba. A Stack Overflow, dandalin tambaya da amsa na masu rubuta manhaja, wanda Jeff Atwood da Joel Spolsky suka kafa a 2008, an sha gabatar da wannan buƙata, masu kula da dandalin kuma suna ƙin amincewa da ita. Abin da suka yarda da shi kawai shi ne ɗan saƙon tuni da ke bayyana ga wanda makin da ya tara a dandalin bai kai 2,000 ba idan ya danna kibiyar, ana roƙonsa ya bar tsokaci in yana ganin rubutun zai gyaru.

A can, ƙuri'ar yabo tana ƙara wa marubuci maki 10, ta suka kuwa tana rage masa 2 kacal. Wanda ya soki amsa shi ma yana asarar maki 1, amma tun 2011 sukar tambaya ba ta cin mai yin ta komai, saboda ana son a riƙa tace tambayoyi da yawa. Daga wannan tsari za ka gane cewa kibiyar ba wasiƙa ba ce zuwa gare ka. Alama ce da ake bar wa mutumin da zai zo bayan shekara uku da matsala irin taka, yana gaggawa, yana son ya san wace amsa zai amince da ita kafin ya kwafa umarni ya saka a kwamfutarsa.

A ganina babbar matsalar tilastawa ita ce ba za ta haifar da bayanin da kake nema ba. Ƙuri'a a ɓoye take, tsokaci kuwa yana ɗauke da sunan mai shi, kuma da yawa daga waɗanda suka taɓa bayyana dalilinsu sun ga yadda wanda aka soka yake bin tsofaffin rubuce-rubucensu ɗaya bayan ɗaya yana ramuwa, har sai da dandalin ya tanadi wata manhaja mai gano irin wannan ramuwar gayya tana soke ta. Idan aka ce dole sai an rubuta wani abu, wani zai cika gurbin da haruffa marasa ma'ana, mutum na biyar zai maimaita abin da na farko ya faɗa, mai ilimin da ba ya son jayayya kuma zai daina jefa ƙuri'a gaba ɗaya, sai amsa mai kuskure ta zauna a sama babu mai taɓa ta.

Duk da haka ban ce shirun ya dace ba, tun da gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Na fi gamsuwa da hanyar Slashdot, wani shafin labaran fasaha, inda mai tantancewa yake zaɓar dalili daga ɗan gajeren jeri, kamar kauce wa batu ko maimaici ko neman faɗa, ba tare da ya fito da sunansa ba. YouTube kuwa ya bi wata hanyar daban a Nuwamban 2021, ya ɓoye adadin masu ƙin bidiyo, abin da ya rage wa mai neman koyon gyaran waya hanya mai sauƙi ta gane darasin banza.

Game da tambayar da ka kai dandalin, koma ka karanta ta kamar baƙon da bai san aikinka ba. Ka rubuta saƙon kuskuren da kwamfutar ta ba ka harafi da harafi maimakon hoton allo, ka rage lambobin manhajar zuwa ƴan layukan da ke haifar da matsalar, ka faɗi abin da ka gwada da abin da kake tsammanin gani. A Stack Overflow ƙuri'a tana kullewa bayan ƴan mintuna, amma da zarar an gyara rubutun sai ta sake buɗewa, wanda ya rage maki yana iya dawowa ya janye.