Falle mai milimita 4 ba ya fitowa a milimita 4

Kai yaro, ka ce ka sa fallen roba mai kaurin milimita 4 a inji, da ka auna robar kare haƙoran sai ka ga gabanta ko 3 bai kai ba, wai ina sauran ya tafi? Miƙewa ya yi. Robar EVA, wato irin robar da ake yin wannan falle da ita, in ta ji wuta saki take yi, iska ta ja ta ta lulluɓe zubin haƙora, wato siffarsu da aka zuba da filasta, duk inda ta yi tafiya mai nisa nan take sirancewa. Takan rasa kashi ɗaya cikin huɗu na kaurinta, wani lokaci har rabi, kuma asarar ta fi yawa a bakin haƙoran gaba, daidai inda naushi ke sauka.

Ɗaukar awon baki da zuba filasta ba zan ɓata yawuna a kansu ba. Zubinka na gani, ya yi tsayi. Rage gindinsa, gaba kada ya wuce milimita 25, ka ɗan kishingiɗar da shi yadda roba za ta kwanta a kan haƙoran gaba ba tare da ta ja ba. Ka bari ya bushe sarai. Sai wuta: EVA tsakanin digiri 80 da 120 na ma'aunin Celsius take aiki, da cikinta ya zazzago kamar milimita 15 ka sauke ta. Ku yaran yanzu ido na kan waya, roba ta zube har ta kusa taɓa zubi, sannan ku ce inji ne ba shi da kyau.

Wannan tambaya taka ta tayar mini da wani miki. Wani mai horar da 'yan dambe ya taɓa kawo mini yaran ƙungiyarsa gaba ɗaya. Ya ce a yi musu marasa kauri, wai suna kukan ba sa iya numfashi. Na ce a gaba ba na sauka ƙasa da milimita 3, ɗan dambe kuwa 4 nake ba shi, fiye da haka cika baki ne kawai. Ta wajen ganɗa ake rage kauri, nan numfashi da magana suke samun hanya. Na yi musu falle biyu a injin matsi mai danna roba da iska, ɗaya bisa ɗaya, don injin zuƙa mai jan ta da iska ba ya haɗa su da kyau. Kowacce na auna ta da hannuna. Ya ba da kafin alƙalami, ya kwashe kaya, ya ce ciko sai bayan gasa.

Bayan gasa kuwa sai ga shi da mahaifin wani yaro, haƙoran gaba biyu sun karye, yana ta ɗaga murya wai aikina ne. Na karɓi robar na auna, ko milimita 2 babu. Ga sawun goge-goge a jikinta, ga gefenta ya lanƙwashe irin na wadda aka tsoma a ruwan zafi. Mai horarwar ne ya kankare su da kansa don yara su daina damunsa! Ya rantse bai taɓa ba. Ciko dai har yau shiru, ya bi sauran masu horarwa yana ɓata mini suna, ƙungiyoyin da nake yi wa aiki suka janye. Ni da ko almajirina bai taɓa fitar da roba ba a auna ba.

Littafin da kake gani a kan tebur, mafarinsa ke nan: kaurin gaba, na turame, na ganɗa, mai kaya ya sa hannu kafin ya fita.

Jefar da waccan, ba a sake gasa falle. Yanke zubin, ka bar sabuwar ta huce a kansa kafin ka cire, ka kawo mini ita tare da ma'auni.