Amsa: Dole ne in bi abokan aiki shan giya a Japan?

Malam, ka ce ka samu aiki a Tokiyo, ba ka shan giya, kuma kana tsoron a ga kamar kana ware kanka. Kwantar da hankalinka.

Zaman shan giya na abokan aiki da suke kira nomikai yawanci a izakaya, wato gidan abinci da giya, ake yinsa bayan an tashi aiki, ya ɗauki kamar awa 2. A nan ƙaramin ma'aikaci ke samun bakin yi wa oga magana, shi ya sa zuwan ya fi shan giyar muhimmanci. Ka nemi shayin ulon mai sanyi, a ɗaga kofi da kai a ce "kanpai", shi ke nan. Idan za ku gwara kofi da babba, naka ya ɗan yi ƙasa da nasa.

Japanawa da yawa ma jikinsu ba ya ɗaukar giya, kurɓi kaɗan fuska ta yi ja. Tilasta wa mutum sha kuwa yanzu cin zarafi ake ɗaukarsa, matasansu ma sun rage zuwa. Amma zaman bankwana da shekara na watan Disamba, bonenkai, kada ka bari ya wuce ka. Zagaye na biyu, wato a tashi a koma wani wurin a ci gaba da sha, ba dole ba ne.

Inda zan ja kunnenka shi ne abinci: naman alade da mirin, giyar girki, suna shiga miya sosai. Ka riƙa tambaya.