Bill Gates ya bar Microsoft, to kamfanin zai kai labari kuwa?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ina da ɗan shagon buga takardu da koyar da kwamfuta a Tudun Wada nan Kaduna, kuma duk abincinmu a kan Windows da Word da Excel yake. Yanzu ina tara kuɗi in yi kwas ɗin Azure, wato tsarin hayar manyan kwamfutocin Microsoft ta intanet, in samu satifiket, sai wani abokina yake ce min wai ɓata kuɗi zan yi, wai Bill Gates ya yi ritaya ya bar kamfanin, kuma duk kamfanin da mai shi ya tafi to mutuwa ce ta fara, kaman yadda muke gani a nan in Alhaji ya kwanta dama shekara biyu ba a yi ba an sayar da motoci an raba shaguna. Don Allah mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka yi kwas ɗinka, kar ka fasa. Amma bari in warware maka dalili, don tsoron abokin naka ba daga banza ya zo ba, abin da idonsa ya saba gani ne yake faɗa.

Abu na farko, Gates ba jiya ya tafi ba, kuma ba rana ɗaya ya tattara ya fita ba. Shi da abokinsa Paul Allen suka kafa Microsoft a 1975, ya riƙe shi har watan Janairun 2000 sannan ya sauka daga kujerar shugaban kamfani ya miƙa wa Steve Ballmer, abokinsa tun suna jami'ar Harvard wanda ya shigo kamfanin a 1980. Shi kuma ya koma kula da tsarin manhajoji. A 2006 ya sanar cewa nan da shekara biyu zai daina zuwa ofis kullum, ƙarshen Yunin 2008 kuwa ya cika alkawari ya koma kan gidauniyarsa, wadda mu nan Arewa ma da ita muka fi saninsa saboda rigakafin shan inna. A 2014 ya bar shugabancin majalisar daraktoci, a Maris 2020 ya fita daga majalisar gaba ɗaya. Ka ga shekara ashirin kenan mutum yana janye jiki a hankali. Hannun jarinsa ma haka, lokacin da aka sa kamfanin a kasuwar hannun jari a 1986 yana da wajen kashi 45 cikin ɗari, ya yi ta sayarwa yana bayarwa sadaka har ya dawo wajen kashi 1. Toh tambayar me zai faru in ya tafi, an riga an ga amsarta da ido, ba hasashe ba ne kuma.

Kuma amsar tana da ban mamaki, don shekarun da kamfanin ya fi shiga ruɗani su ne shekarun da Gates yake nan kusa yana shugabantar majalisa, wato zamanin Ballmer daga 2000 zuwa 2014. Nan nake so ka tsaya ka fahimta sosai. Ballmer ba rago ba ne wajen neman kuɗi, ɗan kasuwa ne na gaske, ya karɓi kamfani yana samun kusan dala biliyan 23 a shekara, zuwa 2013 ya kai shi wajen biliyan 78. A zamaninsa aka fito da Xbox a 2001, a zamaninsa aka yi Windows 7 da har yau mutane ke yabo, kai shi kansa Azure ɗin da kake son koya a zamaninsa aka sanar da shi a 2008 aka buɗe shi a 2010. Amma duk da haka farashin hannun jarin ya tsaya cak shekara da shekaru, masu zuba jari suna ganin kamfanin yana cin jiya ne ba shi da gobe. Me ya jawo? Windows ne ɗan lelen gidan, ba a taɓa shi, ba a yin abin da zai ɓata masa rai. Duk sabon abin da injiniyoyi suka zo da shi sai an fara tambaya zai taimaki Windows ko zai rage masa kasuwa, in zai rage masa to an binne shi. Lokacin da Apple ya fito da iPhone a 2007 Ballmer dariya ya yi a gaban kyamara, yana cewa wayar ta yi tsada kuma ba ta da madannai, 'yan kasuwa ba za su so ta ba. Kafin su farga Google ya bazu da Android kyauta ga duk mai ƙera waya, su kuma suna nan suna so a biya su kuɗin lasisi kaman yadda aka saba a kwamfuta. Windows Phone bai fito ba sai 2010, an riga an raba kasuwa. Suka sayi sashen wayoyin Nokia kan dala biliyan 7 da ɗoriya, cinikin da aka sanar a 2013, ba a yi shekara biyu da kammala shi ba suka rubuta kusan duk kuɗin a matsayin asara. Duba aljihunka yanzu, ko ka zaga layin masu waya a Kasuwar Sheikh Gumi, Tecno ne da Infinix da Samsung, duk Android, ba za ka ga Windows ko ɗaya ba. Gates da bakinsa ya faɗa a 2019 cewa babban kuskurensa shi ne barin Android ya ci wannan kasuwa. Wato kuskuren da ya fi yi wa kamfanin illa an yi shi ne mai gidan yana zaune a ɗakin taro.

Sai Fabrairun 2014 aka naɗa Satya Nadella shugaban kamfani, haifaffen Hyderabad a Indiya, ma'aikacin kamfanin tun 1992, kuma shi ne dama yake riƙe da sashen hayar manyan kwamfutoci ta intanet. Ni a ganina babban abin da mutumin nan ya yi shi ne ya iya cewa Windows ba shi ne komai ba, maganar da wanda ya haifi Windows da wanda ya yi rayuwarsa yana sayar da shi ba za su iya furtawa cikin sauƙi ba. Wata biyu bai cika a kujera ba aka saki Office, wato su Word da Excel, a kan iPad, alhali iPad tun 2010 yake kasuwa. Linux, manhajar kyauta mai gogayya da Windows, da Ballmer ya taɓa kira cutar daji a 2001, Nadella ya tsaya a bainar jama'a ya ce Microsoft na ƙaunar Linux, kuma ba faɗa kawai ba ne, yau fiye da rabin aikin da ke gudana a kan Azure a kan Linux yake. Ya haƙura da waya ya rufe babin. A 2018 ya wargaza sashen Windows a matsayinsa na babban sashe mai cin gashin kansa ya rarraba ma'aikatan. Ya sayi LinkedIn a 2016 kan dala biliyan 26 da ɗan kai, ya sayi GitHub a 2018 kan biliyan 7.5, wajen da masu rubuta manhaja na duniya ke ajiye aikinsu, a 2019 kuma ya zuba dala biliyan 1 a OpenAI, kamfanin da daga baya ya ƙera ChatGPT. Ya karɓi kamfani darajarsa wajen dala biliyan 300, a 2019 ya haura tiriliyan 1, a Janairun 2024 ya taɓa tiriliyan 3. Kuɗin shigar shekarar 2024 dala biliyan 245 ne, kuma Windows ɗin nan da muke ganin shi ne kamfanin, wajen kashi 10 kawai yake kawowa a ciki.

Yanzu maganar Alhaji da abokinka ya kawo. Abin da ke kashe kasuwancin iyayenmu yawanci shi ne komai a kan mutum ɗaya yake, lissafi a kansa, bashin da ake binsa da wanda yake bi a kansa, amanar dilolin Kano da Legas da sunansa aka ƙulla ta, asusun banki ba a bambance na gida da na shago ba. Ranar da ya rasu dukiyar ta zama gado, kuma gado dole a raba shi yadda shari'a ta ce, wannan ya ɗau shago wancan ya ɗau tirela, jarin da yake da ƙarfi don yana dunƙule ya tarwatse. Kamfani irin Microsoft ba a haka yake tsaye ba. In mai hannun jari ya rasu takardun hannun jarinsa ake rabawa magada, ofis da ma'aikata da kwangiloli suna nan yadda suke. Paul Allen ya rasu a 2018, ko awa ɗaya aiki bai tsaya ba. Akwai majalisar daraktoci da za ta iya canza shugaba in ya gaza, akwai littattafan kuɗi da ake bincika duk wata uku a bayyana wa duniya, akwai kwangilolin shekaru da gwamnatoci da bankuna waɗanda ba za su tashi rana ɗaya su canza duk kwamfutocinsu ba. Wallahi wannan darasi ne da nake so 'yan kasuwarmu su ɗauka da gaske, don rijistar kamfani da raba hannun jari tun mai shi yana da rai ba ya saɓa wa rabon gado, yana ma sauƙaƙa shi ne.

Kuma mu 'yan Kaduna muna da misali a gabanmu. Masaƙar KTL ta Kakuri da ƙoƙarin Sardauna aka kafa ta a 1957, an kashe shi a 1966, amma masaƙar ta ci gaba da aiki shekaru da dama bayansa, Kakuri ta cika da masaƙu da dubban ma'aikata. Abin da ya rufe ta a 2002 rashin wuta ne da tsofaffin injina da atamfar waje mai araha da ta cika kasuwa. Kasuwa ce ta canza ba a canza da ita ba. Irin wannan ne ya kusa kama Microsoft a zamanin waya, kuma irinsa ne zai iya kama shi nan gaba.

Don haka ban ce maka babu haɗari ba. Yanzu kamfanin yana zuba dubban miliyoyin daloli duk shekara wajen gina rumbunan kwamfutoci saboda ƙirƙirarriyar basira, in kuɗin da ake tsammani daga wajen masu amfani bai zo daidai da abin da aka kashe ba za a ji jiki. Ya jingina sosai da OpenAI wanda ba mallakinsa ba ne kacokan kuma yana da nasa burin. A kasuwar hayar kwamfutoci ta intanet Amazon ne na ɗaya da AWS tun 2006, Azure na biyu, Google na biye da su da gudu. Sannan shi Nadella ma wata rana zai tafi, kuma wanda zai gaje shi zai fuskanci irin jarrabawar da Ballmer ya fuskanta, wato ya iya sakin abin da ya ɗaga magabacinsa in lokacinsa ya wuce. Ba Microsoft kaɗai ba, Apple ya rasa Steve Jobs a 2011 Tim Cook ya ci gaba, Larry Page da Sergey Brin sun bar ragamar Alphabet, uwar kamfanin Google, a hannun Sundar Pichai a 2019, Jeff Bezos na Amazon ya sauka a 2021, duk suna nan suna aiki, kowanne da irin tasa matsalar.

Abin da ya fi shafar shagonka kai tsaye ma ba ritayar Gates ba ce, sauyin salon kasuwancin ne. Da can ka sayi Office sau ɗaya ka yi shekara goma da shi, yanzu tura kowa suke ya koma biyan kuɗin wata-wata ko shekara-shekara na Microsoft 365, kuma ka san yadda canjin dala yake mana. Sannan tun 14 ga Oktoban 2025 aka daina tallafa wa Windows 10, shi kuma Windows 11 yana buƙatar wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0 da firosesa ba tsoho sosai ba, yawancin laftof na hannu da ake shigo mana da su masu arha ba su cika sharaɗin ba. In za ka ƙara kwamfuta a shago ka duba wannan kafin ka biya, kar mai sayarwa ya ce maka ai duk ɗaya ne. Ka kuma sani kamfanin riba yake bi, cibiyar injiniyoyin da ya buɗe a Legas ya rufe ta a 2024, don haka kar ka ɗora burinka kan lallai sai su ne za su ɗauke ka aiki. Masu buƙatar wanda ya iya Azure su ne bankuna, kamfanonin sadarwa, ƙungiyoyin agaji da ma'aikatun gwamnati da suka riga suka ɗora aikinsu a kai.

Shawarata ka fara da AZ-900, shi ne matakin farko na satifiket ɗin Azure, darussansa kyauta ne a shafin Microsoft Learn, data kawai za ka kashe, jarrabawar ce ake biya kuma satifiket ɗinsa ba ya ƙarewa. In ka ga ka gane hanya sai ka wuce AZ-104 na masu kula da tsarin, shi wannan duk shekara ake sabunta shi ta intanet ba tare da an sake biya ba. Amma don Allah kar ka tsaya haddace inda ake danna maɓalli, ka koyi Linux sosai, ka koyi yadda netwok ke aiki, ka koyi ajiyar bayanai da tsaronsu, ka ɗan taɓa yaren rubuta manhaja na Python. Waɗannan su ne ƙashin bayan aikin ko a Azure ko a AWS ko a na Google, sunayen ne kawai suke bambanta, wanda ya iya ɗaya cikin 'yan watanni zai kama ɗayan. Yaran da kake koya wa Word da Excel kuma ka ci gaba da koya musu, ka ma ƙara zurfafa musu Excel ɗin, don har yanzu ofisoshi da shi suke lissafin albashi da kaya, kuma wanda ya iya shi da kyau ba ya rasa mai nemansa. Allah Ya sa wa shagon albarka, in ka zo rijistar jarrabawar ka sake turo tambaya in nuna maka yadda ake yi.