Hukuncin ba mage ɗanyen nama da mushen kaza a gidan da akwai mai ciki

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina da mage a gida, maigidana yana siyo mata kayan ciki wajen masu figar kaji mu ba ta ɗanye, wani lokacin kuma maƙwabcinmu mai kiwon kaji in kaza ta mutu sai ya aiko mana da ita. Yanzu ina ganin wasu abubuwa farare kamar shinkafa a kashinta, ga shi ina da ciki wata 4, surukata ta ce a kai ta a yar. Shin ya halatta ba ta mushe, kuma in ta sa baki a ruwan alwala fa?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. To 'yar'uwa, mage ba mukallafa ba ce, wato shari'a ba ta hau kanta ba, ba a ɗora mata sharaɗin yanka ba, ai ɓera da ƙadangare take kamawa ta cinye ba wanda ya ce ta yi laifi. Saboda haka asalin ba ta ɗanyen nama halal ne, malamanmu na Malikiyya ma sun halatta a jefa wa karnuka mushe su ci, mage kuwa hukuncinsu ɗaya a nan. Siyan mushen ne bai halatta ba, don hadisin Jabir a Bukhari da Muslim ya haramta cinikinsa.

Amma akwai ƙa'idar "la darara wa la dirar", kada ka cutu kada ka cutar, kuma a kanta amsarki ta tsaya. Kazar da ta faɗi ta mutu haka kawai ba ki san me ya kashe ta ba. Murar tsuntsaye ta shigo Najeriya tun 2006 ta jihar Kaduna kuma tana ta dawowa, a Poland a 2023 maguna da yawa sun mutu da wannan cutar. Don haka wannan kazar ta maƙwabci ki daina karɓa kwata-kwata, a binne ta shi ne daidai.

Abin da ya fi tayar min da hankali cikin nan naki ne. Akwai wata ƙwayar cuta da likitoci ke kira tokzoplazma, mage na ɗaukarta daga ɗanyen nama da ɓeraye, sai ta riƙa fitar da ita a kashinta na sati 1 zuwa 3, kuma in cutar ta kama mai ciki tana iya jawo ɓari ko ta taɓa ido da ƙwaƙwalwar jariri, alhali ita uwar watakila ko zazzaɓin kirki ba za ta ji ba. Kashin ba ya zama haɗari sai ya kwana 1 zuwa 5, shi ya sa ake kwashe shi kullum, kuma ba ke za ki kwashe ba, maigida ko wani babba a gidan ya yi, ya wanke hannu da sabulu. Ke ma kanki ki kula da tsire ko balangun da bai gasu ba da ganyen salak da ba a wanke ba, ta nan ma ana ɗauka sosai.

Fatawata ita ce a halin da kike ciki ku daina ba ta ɗanye. A tafasa kayan cikin da ruwa zalla, ba gishiri ba magi, ba albasa ba tafarnuwa domin waɗannan biyun suna lalata jinin mage, a cire ƙashin kaza in ya dahu don yana tsagewa ya soke ta. Wasu na cewa a sa a firiza ya isa, to sanyin ba ya kashe ƙwayoyin cuta irin su salmonela, balle da wutar nan tamu da ake ɗaukewa naman ya narke ya sake daskarewa.

Fararen abubuwan da kika gani alamar tsutsar ciki ce, yawanci ta hanyar ƙuma ko ɓera take shiga, ku kai ta wajen likitan dabbobi ya ba ta maganin tsutsa da na ƙuma tare, in ba haka ba za ta dawo, ana maimaitawa kamar duk wata 3, a yi mata allurar rigakafin ciwon haukan kare ma. Don Allah kar a ba ta Panadol ko a shafa mata maganin kaskar kare, suna kashe mage. Neman maganin nan haƙƙinta ne a wuyanku tunda ku kuka ajiye ta, kin dai san hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta kulle ba ci ba sha. Ki lallaɓa Mama surukarki ki yi mata bayani cikin ladabi, tsoronta na da tushe, amma ba sai an yar da ita ba in an bi waɗannan matakan.

Ruwan alwala kuwa, Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa daga Abu Ƙatada cewa Annabi (SAW) ya ce mage ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninku. Ragowar ruwanta mai tsarki ne, sai dai in kin ga jini ko najasa a bakinta lokacin da ta sha, in ruwan ya canza kala ko wari ko ɗanɗano bai yin alwala, in bai canza ba kuma ɗan kaɗan ne to makaruhi ne matuƙar akwai wani. Ruwan sha dai a rufe shi.

Allah ya sauke ki lafiya. Wallahu a'alam.