Tambaya da Amsa: Saƙa maɗaurin kai mai alamar katin Pokémon

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazauniyar Birnin Kebbi ce, na iya saƙar kwarashi daidai gwargwado, ina yin hular jarirai da safa. 'Yata mai shekara 7 tana tara katunan wasan Pokémon da kawunta yake kawo mata tsaraba, yanzu ta matsa sai na saƙa mata maɗaurin kai mai hoton da ke jikin katin. Yaya zan fitar da hoton a cikin saƙa, kuma wane zare ya dace?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya raya mana ita. Shawarata ta farko ita ce ki cire rai da fitar da hoton katin kansa. Faɗin maɗaurin kai bai wuce ido (wato ƙullin saƙa) takwas zuwa goma ba, kuma babu zane mai launuka da yawa da zai fita da kyau a wannan ɗan fili. Ban da haka, hanyar fitar da hoto cikin saƙa ita ce a riƙa jan zare kala biyu ko uku tare, ana binne wanda ba a aiki da shi a cikin idanu, abin da yakan sa saƙa ta yi tauri ta daina miƙewa. Maɗaurin da ba ya miƙewa kuwa, ko dai ya matse yarinya har ta yi kukan ciwon kai, ko ya riƙa zamewa yana sauko mata goshi.

Abin da ya fi shi ne ki juya bayan katin. Wannan wasa, wanda aka fara fitar da katunansa a Japan a 1996, yana da alamar da duk yaron da ya san shi zai gane tun daga nesa, wato ƙwallon nan mai saman ja da ƙasa fari, da baƙin layi a tsakani da ɗan farin maɓalli a tsakiya. Ita za ki saƙa daban, sannan ki ɗinka ta a kan maɗaurin. Tana da wata fa'ida kuma, domin akwai gidajen da ba su son hoton mai rai a jikin tufa, ita kuwa ƙwallo ba ta da wannan magana.

Ki auna kan yarinyar da tef ɗin tela, ki zagaye shi daga goshi zuwa ƙeya ta saman kunnuwa har ki dawo goshi, kuma ki auna da irin kitson da ta saba yi, domin shuku da kalaba ba su cika kai daidai da juna ba. Kan mai shekarunta yakan kai inci 20 ko ya ɗan ɗara. Duk abin da kika samu, ki rage kusan inci 2, saboda saƙar za ta buɗe idan an sa.

Da zare matsakaici da kwarashi mai kaurin milimita 4, ki yi sarƙa 9, ki dawo da gajeriyar saƙa ido 8, ki juya. Daga layi na biyu ne sirrin aikin yake. Kowane ido yana da zare biyu a samansa, na gaba da na baya. Ki riƙa zura kwarashi ƙarƙashin na bayan kaɗai. Za ki ga saƙar tana fitowa kunya-kunya kamar gonar da aka yi wa huɗa, kuma waɗannan kunyoyin ne ke ba ta miƙewa ba tare da an sa roba ba. Ki ci gaba har tsawon ya cika, ki haɗa bakin biyu da allura. Ni dai zan zaɓi ruwan ɗorawa, kalar Pikachu, fitacciyar halittar wasan, domin baƙi yana ɓacewa a cikin gashi, ja kuma zai haɗiye rabin ƙwallon.

Ƙwallon kuwa ki yi ta rabi-rabi. Da jan zare ki fara da ido 3 a wuri ɗaya, ki juya ki mayar da su 6, sai 9, sai 12. Ki yi irinsa da fari, ki haɗa su, ki shimfiɗa baƙar sarƙa a kan mahaɗar, sannan ki ɗora ɗan farin da'ira mai ido 6 wanda kika zagaye da baƙi. Wajen ɗinka ta a maɗaurin, ki kama tsakiyarta sosai, gefen kuma ki yi sassauci, don kada ɗinkin ya ƙulle kunyoyin da ke ƙarƙashi.

Game da zare, zafin Birnin Kebbi a watannin Maris da Afrilu bai bar wani zaɓi ba, na auduga ne ya dace, domin yana shan gumi. Zaren ulu na roba ya fi miƙewa kuma ya fi araha, amma yana tara zafi, sai dai a ajiye shi don hunturu. Idan da shi kika yi aiki, kada dutsen guga ya taɓa shi, narkewa yake yi. Kafin ki fara, ki yanki guntun jan zaren ki jiƙa shi cikin ruwan sabulu tare da farin ƙyalle, domin idan yana zuba, wankin farko zai ɓata farin rabin ƙwallon. Wanki kuwa da ruwan sanyi ake yi, a matse a hankali, a shimfiɗa a inuwa maimakon a rataya a igiya, saboda nauyin ruwa yana ƙara masa tsawo.