Tambaya da Amsa: Fitila da jiran ruwa ya nuna a sabon akwatin kifin teku

Tambaya: Malam, ina unguwar Zango a Damagaram. Na haɗa akwatin gilas mai lita 40, na zuba ruwan gishiri da dutse mai rai kilo 5 da aka kawo mini ta Kano. Kwana tara ke nan ina kunna fitila awa 12. Ruwan yana wari, wani abu ruwan kasa ya rufe gilas. Fitilar ce ta yi kaɗan? Yaushe zan sa kifi da murjani, halittar tekun nan mai rai mai kama da tsiro?

Amsa: Ɗan'uwa, fitilar ba ta yi kaɗan ba, yawa ta yi. Kashe ta tukuna.

Abin da ya sa ake kiran dutsen nan mai rai shi ne bakteriya da ƙananan halittun da ke cikin ramukansa. Kafin ya iso Damagaram daga bakin teku ya sha hanya da rana, da yawansu sun mutu a mota. Ruɓewarsu ce warin da kake ji, ita ke fitar da amoniya, guba ce ga kifi. Wasu bakteriya za su mayar da ita nitirit, shi ma guba, wasu kuma su mayar da nitirit nitirat, mai sauƙin illa. Wannan aiki ba ya bukatar haske ko kaɗan. Mai cin ribar fitilarka yanzu gansakuka ce, ita ce ka ga ta shafe gilas. Ciro dutsen, ka goge duk abin da ya yi baƙi ko yauƙi da buroshi a cikin bokitin ruwan gishiri, ka shinshina. Lafiyayye ƙamshin ƙasar da ruwa ya jiƙa yake yi, ba ruɓaɓɓen ƙwai ba.

Jiran yakan kai mako 4 zuwa 6, amma kada ka ƙirga kwanaki, auna ruwa. Ranar da amoniya da nitirit suka nuna sifili, nitirat ya bayyana, canza kashi ɗaya cikin biyar na ruwan ka sa kifi ɗaya. Ɗaya na ce. Murjani sai bayan wasu makonni, ka fara da mai taushi. A lokacin ne fitila za ta yi amfani, domin murjani yana rayuwa da wata gansakuka mai ƙanƙanta a cikin jikinsa, wadda ke son haske mai shuɗi. Fara da awa 4, ka riƙa ƙarawa har 8 ko 9.

Abin da ya fi damuna ma ba ka tambaya ba: zafi. Ruwan nan digiri 25 zuwa 26 yake so, ga shi a Afrilu da Mayu garinmu yana haura 40, lita 40 kuwa nan da nan take ɗumama. Nesanta akwatin da taga, ka sa ƙaramar fanka tana hura saman ruwa. Sai dai fanka tana ƙafar da ruwa, iskar hunturu ma haka, gishiri kuma ba ya tashi. Ka ja layi a gilas, kullum ka cika zuwa layin da tataccen ruwa marar gishiri. Na famfo ko na rijiya kai tsaye gansakuka zai ƙara maka. Gishirin kuma ba na miya ba, ba na Bilma ba, haɗaɗɗen gishirin teku na akwatin kifi, ma'aunin gishirin ruwa ya nuna 1.025.

Sai ɗaukewar wuta. Fitila ta mutu kwana biyu ba komai, amma injin juya ruwa in ya tsaya na awoyi a wannan zafi, iskar cikin ruwa ta ƙare, bakteriyar da ka yi wata guda kana reno su fara mutuwa. Kuɗin da ka ware don babbar fitila, fara sayen batir ko ƙaramar sola da shi ka haɗa wa injin.